Kafin a Shafa Mata Fenti: Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Gangar Fareti

 

Duk shekara idan 27 ga Mayu ta ƙarato, ko 1 ga Oktoba, ko gasar wasannin gidaje ta makaranta, sai a buɗe sito a fito da gangunan fareti. Masu sauran rai a kakkaɓe musu ƙura a rataya wa yara. Waɗanda fatarsu ta fashe kuwa a ƙara tura su lungu, su ci gaba da zama da karyayyun kujeru da tsofaffin rajistoci. Ƙarshen irin waɗannan gangunan ɗayan biyu ne. Ko dai wani mai son gyara ya ɗauko gwangwanin fenti ya mulke su da launin makaranta, ko kuma ranar da aka tashi share sito a kira 'yan gwangwan su auna tagullar a sikeli su biya kuɗin kilo.

Ko wanne aka yi, an yi asara. Wasu daga cikin gangunan nan sun girmi shugaban makarantar, wasu ma sun girmi Nijeriya mai 'yancin kai. A jikinsu akwai alamomin da ke faɗin wanda ya ƙera su, da lokacin da aka ƙera su, da hannuwan da suka bi kafin su iso gare mu. Abin takaicin shi ne alamomin da suka fi amfani su ne suka fi saurin gogewa: ɗan rubutun fenti a gefe, ɗan bajo mai tsatsa, 'yar takarda a manne a ciki. A yau zan kawo muku hanyar da ɗalibi zai bi, da tocila da tef ɗin awo da wayar ɗaukar hoto kawai, ya karanta tsohuwar ganga kafin kowa ya taɓa ta.

Wace ganga muke nufi?

Maganarmu a kan ƙaramar gangar badujala ce, wadda ake ratayawa a gaba ko a gefen cinya, a kaɗa da sanduna biyu, mai kaifin amon nan da ke sa ƙafa ta bi maci ko mutum bai shirya ba. Sirrin amonta shi ne wayoyi ko zarurrukan da aka miƙe suka kwanta a jikin fatar ƙasa. Idan an bugi fatar sama sai su yi rawa su ba da ziza. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin gangarmu ta gargajiya ma akan gitta mata zare a kan fata don ta yi irin wannan zizar.

Iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai gangar fareti ta gama-gari, irin ta sojoji da 'yan sanda da 'yan sikawut da makarantu. Akwai kuma wadda ake kaɗa wa algaitar mutanen Sikotilan, wato algaitar nan mai salka da ake matsewa a hammata, wadda mukan ga sojojinmu na busawa a manyan faretin ƙasa. Ga hanya mafi sauƙi ta bambanta su. Gangar gama-gari wayoyin zizarta a ƙasa kawai suke. Ta 'yan algaita kuwa jeri biyu gare ta: ɗaya a ƙasa a waje, ɗaya a ciki, manne da fatar sama ta ƙarƙashinta. Idan fatar ta fashe ka leƙa ka ga wani ƙarfe ya gitta cikin gangar daga sama ɗauke da wayoyi, ko ka ga madaidaita biyu a jikinta, ɗaya can sama ɗaya can ƙasa, to ta 'yan algaita ce. An yi mata haka ne don amonta ya zama busasshe mai kaifi, ya ratsa ƙarar algaitu masu yawa.

Sai ka ɗauko tef ka auna faɗin jikinta daga baki zuwa baki, ban da zoben da ke danne fata, sannan ka auna zurfinta. Da inci ake awon ganga. Ta 'yan algaita yawanci faɗi 14 ce, zurfi 12. Tsofaffin gangunan maci na Amurka sukan kai faɗi 15 da zurfi 12, na yara kuma 14 da 10. Idan zurfin bai wuce inci 5 ko 6 ba, mai yiwuwa ba a yi ta don fareti ba, daga jerin gangunan 'yan kiɗan zaune aka ciro ta aka ɗaura mata maratayi.

Shaida ta farko: yadda aka ɗaure ta

Kafin ka nemi sunan kamfani, fara duba abin da ke jan fatar ya ɗame ta. Nan ne zamanin ganga ya fi bayyana, domin shi ne ba a iya sauyawa cikin sauƙi.

Mafi tsufan tsari shi ne na igiya. Za ka ga zobba biyu na katako masu huji-huji, sama da ƙasa, igiya guda ta bi ta cikinsu tana hawa tana sauka, sannan ga wasu 'yan kunnuwa na fata da suka haɗe igiya biyu-biyu. Idan aka tura kunnen ƙasa sai igiyar ta ɗame, fata ta yi tauri. Haka gangunan sojojin Birtaniya suke tun ƙarnuka da suka wuce, jikinsu na tagulla ko na katako. Amma a yi hattara, igiya kaɗai ba ta isa hujjar tsufa ba. Rundunonin soja sun ci gaba da riƙe wannan tsari don ado har bayan da aka sami na ƙarfe, kuma har gobe ana ƙera sababbi, musamman a garin Sialkot na Pakistan, wanda ya shahara wajen yin kayan badujala da algaita mai salka. Tsohuwa ta gaske za ka ga bakin hujin zobenta ya side saboda gogar igiya, katakon ya yi duhu har cikin hujin, kunnuwan fatar sun bushe sun tsattsage.

Bayan igiya sai tsarin ƙusoshin ɗauri masu zare, waɗanda ake murɗawa. Shi ma hawa-hawa ne. Na farko, doguwar ƙusa guda ce ke tasowa daga zoben sama har zuwa na ƙasa, ta yadda murɗa ta sau ɗaya zai ja fata biyun a tare. Wannan ya yi tashe a farkon ƙarni na 20, kuma an daɗe ana yin sa a gangunan yara masu araha. Na biyu, kowace fata da nata ƙusoshin, suna shiga cikin wasu gidajen ƙarfe da aka ɗaure a jikin gangar. Wannan ne ya mamaye tsakiyar ƙarnin. Na uku shi ne na zamani, inda za ka ga kaurin zobban alminiyam da dogayen sandunan ƙarfe sun kewaye jikin gangar kamar keji, ƙusoshi har 12, kuma da ƙyar ka ga wani abu da aka huda aka ɗaure a katakon kansa. An ƙirƙiro shi ne don ya jure ɗauri mai tsanani, kuma daga shekarun 1980 zuwa sama ya bazu. Ganga mai wannan siffa, komai dattinta, ba ta kai ta kira kanta kakar kowa ba.

Ka kuma duba kan ƙusar. Kamfanonin Amurka sun saba yin kai mai kusurwa huɗu, wanda ake murɗawa da ɗan makullin ganga. Tsofaffin gangunan Ingila kuwa, irin na Premier, kan ƙusarsu tsaga gare shi kamar wanda sukundireba ke shiga, kuma sun daɗe a haka kafin su koma wa mai kusurwa huɗu. Wannan 'yar tsagar kan nuna maka ƙasar da ganga ta fito ko da bajonta ya ɓace.

Idan jikin na ƙarfe ne, kawo maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi mai ƙyalli. In bai kama ba, tagulla ce ko alminiyam, nauyi ne zai raba gardama, don tagulla ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Shaida ta biyu: fata da wayoyi

Har zuwa tsakiyar shekarun 1950, fatar dabba ake sa wa kowace ganga, galibi ta maraƙi, a jiƙa ta a naɗe ta a wani siririn zobe. A 1957 ne kamfanin Remo na Amurka ya fito da fatar roba da ake kira Weather King, wadda ba ruwanta da damina ko rani, kuma cikin 'yan shekaru ta kori fatar dabba daga kasuwa. Premier ma ya yi tasa mai suna Everplay. Daga baya aka zo da fatar da aka saƙa da zaren Kevlar, wanda wata masaniyar sinadarai, Stephanie Kwolek, ta gano a kamfanin DuPont a 1965. Irin zaren da ake yin rigar sulke ta kare harsashi ne, kuma shi ya ba gangunan 'yan algaita na yanzu amon nan mai kama da bugun tebur.

Sai dai fata raunanniyar shaida ce, domin ita ce abin da aka fi sauyawa. Ganga ta 1940 na iya ɗauke da fatar roba da aka saya bara. Haka kuma a garuruwanmu an sha kai sabuwar ganga wurin mai haɗa gangunan gargajiya ya sa mata fatar akuya saboda ta kanti ta yi tsada. Saboda haka ka rubuta abin da ka gani, amma kada ka yanke hukunci da shi kaɗai.

Wayoyin ziza sun ɗan fi ta riƙe amana. Na da can zarurruka ne masu kauri da aka murza daga hanjin dabba, launinsu kamar na busasshiyar jijiya. Daga baya aka koma wa siraran wayoyin ƙarfe masu naɗi, da kuma zaren roba. Ko da zarurrukan sun tsinke sun ɓace, ƙarfen da ke riƙe su yana nan. Na tsohuwar gangar igiya noti ne guda kawai da ake murɗawa da hannu. Na baya-bayan nan yana da ɗan hannu da ake ja a saki wayoyin ko a ɗame su nan take.

Shaida ta uku: bajo da takardar ciki

Kusan kowace ganga na da ɗan huji a gefe don iska ta riƙa fita. A nan ko kusa da nan kamfanoni ke manna bajonsu. Tsofaffin gangunan igiya kuwa sau da yawa takarda ake liƙa musu a ciki, daidai saitin hujin. Ka kafa ido a hujin, ka haska tocila ta jikin fatar, za ka iya karanta sunan maƙerin da adireshinsa ba tare da ka kwance komai ba. Wasu kamfanonin kuma sukan buga kwanan wata da tawada a katakon ciki.

Tunda daga Birtaniya muka gaji badujala, sunayen can za ka fi gani. Ga waɗanda ya kamata ka sani.

Premier shi ne babba. Albert Della Porta da George Smith suka kafa shi a Landan a 1922. Bayan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun lalata masana'antarsa a 1940, ya koma Wigston, kusa da birnin Leicester. Yana da wani suna na biyu, Olympic, da yake bugawa a kayansa masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda makarantu da ƙungiyoyin matasa ke iya saye. Idan ka ga Olympic, to 'yar gidan Premier ce. A ɓangaren 'yan algaita, samfurinsa mai suna Royal Scot ya yi suna a shekarun 1960 da 1970, sannan daga baya jerin HTS, wato 200 da 700 da 800, suka gaje shi a zamanin fatar Kevlar.

Boosey & Hawkes ya samu ne a 1930, lokacin da kamfanoni biyu, Boosey & Co. da Hawkes & Son, suka haɗe. Wannan ya ba mu ma'auni mai kyau. Gangar da ke ɗauke da sunan Hawkes & Son shi kaɗai ta riga haɗewar, wato tana neman shekara ɗari ko ta wuce. Mai ɗauke da sunayen biyu a haɗe ba za ta girmi 1930 ba. Wannan kamfani ne kuma ya yi gangunan Ajax.

Henry Potter & Co. na Landan da George Potter & Co. na Aldershot, garin barikin sojan Ingila, su ne gwanayen gangunan soja masu igiya da zanen tambarin runduna. Sai Carlton, na kamfanin Dallas, da Clansman, wanda Rose Morris ya yi wa 'yan algaita. Andante kuwa na Ireland ta Arewa ne, kuma ɗan baya-bayan nan ne a kan waɗancan.

Na Amurka ba su kai na Ingila yawa a sitocinmu ba, amma sun fi sauƙin lissafi. An kafa Ludwig a 1909. Mai kamfanin, William F. Ludwig, ya rabu da sunan na wani lokaci, ya kafa sabon kamfani a 1937 wanda aka sani da WFL, sai a 1955 ya dawo da sunansa. Don haka bajo mai haruffan WFL ya faɗa tsakanin waɗannan shekarun. A 1969 suka koma wa bajo mai launin shuɗi da kore-kore. Idan kuma ka ga an rubuta Monroe a madadin Chicago, to bayan ƙaurar da suka yi a 1984 ne. Haka Slingerland: Chicago na nufin tsohon zamani, Niles na nufin daga wajen 1960.

Akwai wasu ƙananan rubutun da ke taimakawa. Duk abin da aka buga wa West Germany, kamar gangunan Sonor, an yi shi kafin haɗewar Jamus a 1990. Pearl na Japan ne, an kafa shi a 1946. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, waɗanda suka gaji badujalar Faransa, su nemi suna irin Couesnon na birnin Paris.

Gargaɗi ɗaya game da lambar da ake bugawa a bajo: ba kowane kamfani ne ya jera lambobinsa bi da bi ba, kuma wasu sun daɗe suna aiki kafin su fara sa lamba. Lamba na taimakawa ne idan ta dace da siffar bajon da sauran ƙarafan. Bajo kansa ma ana iya cire shi daga wata ganga a dasa a wata. Ka duba ko akwai tabon wani tsohon bajo a ƙarƙashi, ko huji-hujin da babu abin da ke cikinsu.

Shaida ta huɗu: rubutun masu ita

A nan ne ɗalibin Nijeriya ya fi kowane masani na waje, domin tarihin da ya karanta a aji ne zai yi masa aiki.

Gangunan soja na zamanin mulkin mallaka kan zo da kambin sarauta da haruffan sarkin Ingila na lokacin. GR da lambar V na nufin George na Biyar, 1910 zuwa 1936. GR da VI na nufin George na Shida, 1936 zuwa 1952. E da R da II a tsakiya na nufin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, daga 1952. Kambin ma ya bambanta: na zamanin sarakunan nan maza samansa a tashe yake kamar ƙubba, na Elizabeth kuwa tsakiyarsa ta loma ciki. Wata alama mai kama da kan kibiya mai layi uku na nuna kayan gwamnatin Birtaniya ne.

Idan ka ga bishiyar kwakwa da haruffan RWAFF, ka sami gangar rundunar Afirka ta Yamma da kakanninmu suka yi wa aiki, wasunsu har Burma. Harafin R ɗin yana da amfani, domin sai a 1928 aka ƙara wa rundunar laƙabin Royal. WAFF babu R, ke nan, ta riga wannan shekara. Sunan Queen's Own Nigeria Regiment ya zo ne a 1956, shekarar da Sarauniya ta ziyarci Nijeriya, kalmar Royal kuma ta fita daga sunan sojojinmu bayan ƙasar ta zama jamhuriya a 1963. Hatta tambarin Nijeriya yana da abin faɗi: takensa na farko kalmomin Unity and Faith ne kawai, sai a 1978 aka ƙara Peace and Progress.

Haruffan N.A. na bukatar taka-tsantsan. Suna iya nufin sojan Nijeriya, suna kuma iya nufin En'e, wato hukumar gargajiya, wadda take da 'yan doka da makarantu nata a da. Sunan gari a gaban haruffan, kamar Kano N.A. ko Zaria N.A., shi zai nuna maka En'e ce.

Gangunan makaranta su ma suna da irin nasu. Ma'ajin gwamnati kan rubuta sunan ma'aikata da lambar kaya. Northern Region na nufin kafin 1967, shekarar da aka ƙirƙiro jihohi 12. North Central State ko North Western State ko North Eastern State na nufin tsakanin 1967 da 1976. Gongola State na nufin tsakanin 1976 da 1991. Idan ka ga tsohon sunan makarantarku, tambayi shekarar da aka sauya shi. In kuma Allah ya sa ka dace da tsohon littafin sito, ka duba kuɗin da aka rubuta: fam da sule na nufin kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta fara aiki. Zanen anga ta jirgin ruwa kuwa alamar Boys' Brigade ce, ƙungiyar matasan Kirista da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883.

Yadda ake haɗa shaidun

Ƙa'idar ita ce kowace shaida iyaka guda take ba ka. Bajon kamfani na cewa gangar ba za ta girmi shekara kaza ba. Rubutun masu ita na cewa ta riga ta wanzu a shekara kaza. Tsakanin iyakokin biyu amsarka take.

A ce ka sami ganga mai jikin katako, faɗi 14 zurfi 12, kowace fata da ƙusoshinta masu tsaga a ka, ga bajon Olympic, ga fatar roba, a gefe kuma an rubuta North Central State da farin fenti. Tsagar ƙusa da bajon sun yarda cewa 'yar Ingila ce daga gidan Premier. Rubutun jihar ya tabbatar tana nan kafin 1976. Fatar robar ba ta ƙara komai ba, tunda ana iya sauya ta. Babu wayoyi a ƙarƙashin fatar sama, don haka ta gama-gari ce. Abin da za ka rubuta shi ne: Olympic, Ingila, ta shiga hannun gwamnatin jiha tsakanin 1967 da 1976, kuma tana iya girmar haka. Wannan amsa ta fi a ce "ta zamanin Turawa ce" a wuce, ta kuma fi a ƙirƙiro shekara guda babu hujja.

Idan shaidu suka saɓa wa juna, kada ka tilasta musu. Sau da yawa hakan na nufin an haɗa ganga ɗaya daga gawar biyu ko uku, abin da makarantu suka saba yi. Jiki da gidajen ƙarfen da ke ɗaure da shi su ne asalin gangar, sauran duk baƙi ne.

Abin yi da abin bari

Da farko, kayan makaranta ne. Nemi izinin malamin wasanni ko mai kula da sito, ku shiga ku biyu ko uku, kuma a girgiza ganga a waje kafin a zura hannu, don kunama na son irin wannan maɓoya.

Ɗauki hoto kafin ka goge komai: gaba, baya, sama, ƙasa, bajo, kan ƙusa, da duk wani rubutu. Ƙura kuwa busasshen tsumma mai laushi ya ishe ta. Kada a sa sanfefa ko tina ko fetur a jikin zane, kuma kada a ɓanɓare takardar ciki don a karanta ta a haske. Ƙusar da ta ƙi murɗuwa a ɗiga mata ɗan man keke a bar ta ta kwana, kada a tilasta mata da filaya.

Kada a sa wa tsohuwar ganga fatar Kevlar. Ba a yi jikinta don irin wannan ɗaurin ba, zai iya lanƙwasa zobe, ya tsinke gidajen ƙarfe, ko ya murƙushe katakon gaba ɗaya. Fatar roba ta gama-gari ta wadatar. Mai fatar dabba kuma a sassauta ta kafin a ajiye, domin iskar hunturu na ƙara ɗame ta har ta fashe. A ɗaga gangunan daga ƙasa saboda gara da danshi.

Game da kuɗi, kada kowa ya yi mafarkin arziki. Yawancin gangunan makaranta na masu araha ne tun asali, kuma sabon fenti da ƙarin huji na zubar da darajar ko da mai tsada ce. Amma kuɗin kilon tagulla a ranar ake kashe shi, gangar da ta yi fareti ranar 1 ga Oktoban 1960 kuwa ba a sake ƙera wata.

Ga aikin da nake ba ƙungiyoyin tarihi da na 'yan jarida na makarantunmu a wannan zangon. Ku ware shafi guda ga kowace ganga, ku rubuta awonta, da tsarin ɗaurinta, da sunan kamfani, da duk rubutun da ke jikinta harafi da harafi. Ku kai hotunan taron tsofaffin ɗalibai, ku kuma nuna wa 'yan mazan jiya na unguwarku, musamman waɗanda suka yi aikin badujala. Dattijon da ya rataya ganga shekara uku yana yaro yakan gane ta ko da daga lotsawar gefenta ne, ya faɗa muku wanda ya koya musu kiɗa da filin da suka yi fareti. Waɗannan dattawan kullum raguwa suke yi, don haka kada a jira wani zangon. Idan kun kammala, ku ba shugaban makaranta kwafi, ku roƙi a ware mafi tsufar a ajiye ta a ɗakin karatu da takardar bayaninta a gefe.

Duk makarantar da ta yi wannan aiki ta aiko mana da hoto da abin da ta gano ta hannun editan wannan shafi, za mu duba tare.